Yunfa ɗan Nafata: Sarkin da Alƙalawa ta faɗi a hannunsa

Daga Ibohamane, Jihar Tawa

Masu iya magana suka ce waiwaye adon tafiya. A wannan makon filin namu na tarihi zai waiwayi rayuwa da mulkin wani sarki da sunansa ya yi tashe a wannan yanki fiye da shekara 200 da suka wuce, wato Sarkin Gobir Yunfa ɗan Nafata, wanda a zamaninsa ne birnin Alƙalawa ya faɗi a shekarar 1808. Duk wanda ya yi makarantar allo ko ta boko, daga Tawa har Sakkwato, ya taɓa jin sunan Yunfa. To sai dai galibi abin da aka sani game da shi bai wuce magana ɗaya ba, wato shi ne sarkin da ya ja da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, aka kuma ci shi da yaƙi. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi irin ƙasar da ya gada ba, ko abin da ya kai shi ga matakan da ya ɗauka, ko kuma yadda aka yi daular da ta addabi maƙwabtanta ta wargaje cikin shekara huɗu da 'yan watanni.

Mu mutanen Adar da Gobir Tudu wannan labari ya shafe mu kai tsaye. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu a shekarar 1754. Babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a nan Adar ya zauna ya karantar, kuma a yankin Madawa ya cika. Birnin Ƙwanni na cikin garuruwan farko da yaƙin ya ci, sannan Abzinawan da ke kai da kawowa tsakanin tuddan Keita da Buza da fadamun Madawa sun shiga yaƙin dumu-dumu, wasu a wannan ɓangare wasu a wancan. Ke nan idan muna maganar Yunfa, maganar kakanninmu muke yi.

Ƙasar da ya gada

Tarihin baka ya nuna cewa Gobirawa daga Abzin suka gangaro, inda matsin Abzinawa ya riƙa tura su kudu sannu a hankali har suka kafa Birnin Lalle a yankin Dakwaro na yanzu. Zama a bakin iyaka tsakanin ƙasar Hausa da hamada shi ya mayar da su mayaƙa, har ake yi wa ƙasarsu kirari da gidan faɗa. Ta arewa ga Abzinawa, musamman bayan da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a 1674. Ta yamma ga Kabi, ta kudu ga Zamfara, ta gabas kuma ga Katsina. Ba a cika samun shekarar da dawakin Gobir suka huta ba.

Kakan Yunfa, Sarki Babari, shi ne ya ɗaga Gobir zuwa ƙololuwarta. Tun kafin zamaninsa Gobirawa suka fara kwarara zuwa ƙasar Zamfara mai albarkar noma, inda aka karɓe su a matsayin baƙi, amma da suka yi ƙarfi sai suka juya wa masu masaukin baya. A wajajen 1762 Babari ya ci Birnin Zamfara, ya kuma gina sabon birni a gefen gulbin Rima. An ce a gonakin Alƙalin Zamfara aka kafa shi, shi ya sa ake kiransa Alƙalawa. Kufansa na nan har gobe a ƙaramar hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato.

A nan ne mai karatu ya kamata ya lura da wani abu. Alƙalawa birni ne da aka gina a kan ƙasar wasu, kuma Zamfarawa ba su taɓa mantawa da hakan ba. Sarkin da ke zaune a cikinsa dole ya riƙe runduna mai yawa, ita kuwa runduna tana cin dawaki da lifidi da hatsi, waɗanda duk daga jikin talaka suke fitowa. Littafin Kitabul Farƙi da ake dangantawa ga Shehu ya lissafa irin nauyin da sarakunan wancan zamani ke ɗora wa jama'a, kamar jangali a kan makiyaya, da kuɗin gari, da gaisuwa ga masu sarauta, da tawasa a kan mahauta, da kamuwa, wato kama dabbar mutum a ɗora mata kayan sarki ba da yardarsa ba, da kuma gargaɗi, wato tilasta wa mutum fita yaƙi ko ya fanshi kansa da dukiya. Manomi Bazamfare da makiyayi Bafillace da fatake, kowa na da nasa ƙorafin, illa dai ba su da bakin da zai faɗa a madadinsu.

Bawa da taron Magami

Wannan baki sun same shi a wajen Shehu, wanda ya fara wa'azi tun yana ɗan shekara 20, ya zaga Kabi, ya kuma shafe kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara yana karantarwa da Hausa da Fulatanci. Sarkin Gobir na lokacin shi ne Bawa Jan Gwarzo ɗan Babari, jarumin da har yau mawaƙa ke ambatonsa. Bawa ya ga tarin jama'ar da ke bin wannan malami, sai ya zaɓi ya bi shi da dabara. A wajajen 1788, lokacin Babbar Salla, ya tara malaman ƙasarsa a Magami ya yi musu kyauta, inda aka ruwaito ya miƙa wa Shehu misƙali 500 na zinari. Shehu ya ƙi karɓa, ya ce maimakon dukiya yana roƙon abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kada kuma a tsananta wa talakawa da haraji. Bawa ya amince da duka.

Wasu na ganin wannan rauni ne na tsoho, amma mu a ganinmu hangen nesa ne na sarkin da ya san iyakar ƙarfinsa. Bawa ya sayi zaman lafiya a cikin gida domin ya fuskanci abokan gaba na waje. Matsalar ita ce yarjejeniyar ta rataya ne a kan kwarjinin mutum ɗaya, kuma kwarjini ba a gadonsa kamar gona. Bayan Magami, Katsinawa suka karya rundunar Gobir a Ɗankaishi, inda ɗan Bawa ya rasu, aka kuma ce baƙin cikin haka ne ya yi ajalin sarkin. Ƙanensa Yakuba ya hau, shi ma aka kashe shi a yaƙin Kiyawa. Sai sarauta ta faɗa kan wani ƙanen nasu, Nafata, mahaifin Yunfa, a daidai lokacin da Zamfarawa ke tayar da ƙayar baya, Ɗegel kuma, inda Shehu ya zauna, ta zama cibiyar da ɗalibai ke tururuwa daga ko'ina.

Dokar Nafata

Nafata ya dubi lamarin ta fuskar mai mulki. Ga jama'a tana ƙaruwa kullum, tana da shugabanta da malamanta da alamarta ta rawani da lulluɓi, ba ta son shiga yaƙe-yaƙen sarki, har ma an fara jin cewa Shehu ya ce tanadin makami sunna ne. Don haka ya sa aka yi shela a kasuwanni da dokoki uku. Na farko, ba wanda zai ƙara yin wa'azi sai Shehu shi kaɗai. Na biyu, duk wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba ya koma ga abin da ya tarar suna yi. Na uku, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi.

Wannan shela ita ce ta rushe abin da Bawa ya gina a Magami. Ba ta rage yawan jama'ar Shehu ba, hasali ma sai ta sa wanda da yake tsaka-tsaki ya gane cewa dole ya zaɓi ɓangare. Nafata, wanda rashin lafiya ya ci ƙarfinsa, bai daɗe ba ya rasu, ya bar wa ɗansa gadon sarauta haɗe da gadon rikici.

Ɗalibi ya zama sarki

Yunfa ya hau gadon Gobir a wajajen 1802. A al'adar Gobir manyan fada tara ne, da ake kira Taran Gobir, ke zaɓen sarki daga cikin 'ya'yan sarauta, kuma a lokacin akwai 'ya'yan Bawa da na Yakuba da kowannensu ke ganin ya cancanta. Ruwayar da ta shahara ta ce Yunfa ya taɓa ɗaukar karatu a wajen Shehu, kuma goyon bayan Shehu ya taimaka masa wajen samun sarautar. An ma ce da ya hau ya taka har Ɗegel ya gaishe da malaminsa. Ke nan an fara da kyakkyawan zato daga ɓangarorin biyu.

To me ya ɓata al'amarin cikin ƙasa da shekara biyu? Yunfa saurayi ne mai zafin zuciya da ya tarar da fada cike da mutanen da ke ganin Ɗegel a matsayin barazana ga matsayinsu. Akwai sarakunan yaƙi da ke buƙatar mayaƙa, akwai malaman fada da Shehu ya daɗe yana suka, akwai kuma masu riƙe da al'adun gargajiya ƙarƙashin Inna, wadda ita ce uwar bori, kuma babbar mai faɗa a ji a masarautar. Sarkin da ake raɗe-raɗin cewa malami ne ya ɗora shi yana bukatar ya nuna wa waɗannan mutane cewa shi ba yaron kowa ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba da labari a littafinsa Tazyinul Waraƙati cewa Yunfa ya kira Shehu fada, suka je su uku tare da shi Abdullahi da Umaru Alkammu, inda sarkin ya yi yunƙurin harbe Shehu amma wutar ta juyo ta ƙone shi. Daga wannan rana amana ta ƙare tsakaninsu.

Gimbana da hijira

Abin da ya fasa ƙwan shi ne batun Gimbana. Wani almajirin Shehu, Malam Abdussalami, wanda Ba'are ne, ya bar ƙasar Gobir tun zamanin Nafata ya koma Gimbana da mutanensa a ƙasar Kabi. Yunfa ya umurce shi ya dawo, ya ƙi. A ƙarshen 1803, cikin watan azumi, sarki ya tura runduna ta fasa garin, ta kashe na kashewa, ta kamo sauran a matsayin bayi. Aka kuma biyo da su ta kusa da Ɗegel, inda jama'ar Shehu suka kasa jurewa suka tare hanya suka kwance 'yan'uwansu.

A wurin Yunfa wannan cin fuska ne da ba sarkin da zai haɗiye. Ya aika wa Shehu cewa ya fita daga Ɗegel da iyalinsa kawai, ya bar sauran jama'a. Shehu ya amsa cewa ba zai rabu da jama'arsa ba, amma zai bar wa sarki ƙasarsa. A watan Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, can gefen yammacin Gobir, tare da taimakon mutane irin su Aliyu Jeɗo da wani malami Ba'abzine mai suna Agali. Mutane suka riƙa bin sawu ayari ayari, dawakin Gobir kuma suna tare hanya suna ƙwace kayansu. Da Yunfa ya ga ƙasar na zubewa sai ya aika a ce wa Shehu ya dawo. Shehu ya gindaya sharuɗɗa, ciki har da tuba da tsayar da adalci da mayar wa mutane dukiyarsu da sakin waɗanda aka kama. Fada ta taru ta yi watsi da sharuɗɗan. Wannan ce dama ta ƙarshe ta sulhu, kuma ta wuce. A can Gudu jama'a suka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina, wato Sarkin Musulmi.

Tafkin Kwatto

Bayan jama'ar Shehu sun ci Matankari da Birnin Ƙwanni, Yunfa ya fito da kansa. Ranar 21 ga watan Yunin 1804 rundunonin biyu suka haɗu a Tafkin Kwatto, kusa da Gudu. A ɓangaren sarki akwai barade masu lifidi da Abzinawa da ma wasu Fulani, a ɗaya ɓangaren kuwa, ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi, yawanci 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu ba su wuce kimanin 20 ba, kuma a cikinsu akwai Fulani da Hausawa da sauran ƙabilu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa masu cewa yaƙin Hausa da Fulani aka yi cewa lamarin ya fi ƙarfin haka. 'Yan baka suka tsaya suka yi ta zuba kibau har dawaki suka juya, Yunfa ya tsere zuwa Alƙalawa ya bar kayan yaƙi masu yawa a fage.

Daga nan ne ya aika wa takwarorinsa na Katsina da Kano da Zazzau da Daura da Abzin saƙon da ya fi komai shahara a tarihinsa. Abin da saƙon ya ƙunsa shi ne, ya raina wata 'yar ƙaramar wuta a ƙasarsa har ta girma ta fi ƙarfinsa ta ƙone shi, don haka kowa ya yi hattara da ta garinsa. Hausawa dai sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma maimakon ruwa, sarakunan sai suka far wa almajiran Shehu da ke ƙasashensu, wanda hakan ya sa wutar da ake gudu ta tashi a kowane gari.

Bai faɗi da sauƙi ba

Kuskure ne a ɗauka cewa daga Tafkin Kwatto komai ya ƙare. Yunfa ya sake shiri, ya kuma nuna cewa jinin Babari na jikinsa. A ƙarshen 1804, lokacin da jama'a suka matso kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Abzinawa suka auka musu a Tsuntsuwa, inda aka ruwaito an kashe kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani 200. Yunwa da cuta suka biyo baya, dole jama'a suka koma ƙasar Zamfara neman abinci. A 1805 sun ci Birnin Kabi sun kafa sansani a Gwandu, amma kafin shekarar ta fita haɗin gwiwar Gobirawa da Abzinawa da Kabawa ya sake karya su a Alwasa, har aka bi su ƙofar Gwandu, inda da ƙyar suka mayar da harin.

Abin da ya ci Yunfa shi ne ƙawayensa sun riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfinsa a fage ya dogara ƙwarai a kan Abzinawa, su kuwa suna da lokacin zuwa da lokacin komawa, kuma suna da nasu lissafin na kiwo da fatauci. A 1806 aka karya su a Fafara kusa da Zurmi. A 1807 Katsina da Kano suka faɗa hannun masu jihadi. Alƙalawa, wadda ta tsallake hari fiye da sau ɗaya saboda ƙarfin ganuwarta, ta wayi gari ba mai kawo mata ɗauki. A watan Oktoban 1808 runduna ƙarƙashin Muhammadu Bello da Aliyu Jeɗo da Namoda ta kutsa cikin birnin. Yunfa bai gudu ba a wannan karon, a nan aka kashe shi tare da jarumawansa. Shekara guda bayan haka, a 1809, Bello ya fara gina Sakkwato.

Wani sarkin Rum mai kama da shi

Masu nazarin tarihin duniya za su ga kamanni tsakanin Yunfa da wani sarkin Rum na ƙarshe-ƙarshen daular, mai suna Juliyan. Shi ɗan ɗan'uwan Kustantin ne, sarkin da ya buɗe wa addinin Kirista ƙofa a daular. Malaman Kirista ne suka rene shi suka karantar da shi, amma da ya zama sarki shi kaɗai a shekarar 361 Miladiyya sai ya juya musu baya, ya nemi ya farfaɗo da bautar gargajiya ta Rumawa. A 362 ya kafa dokar da ta hana Kiristoci koyar da littattafan adabin da ake horar da 'ya'yan manya da su. A 363 ya fita yaƙi da Farisa, aka soke shi da mashi a ƙasar Iraƙi ta yanzu, bai cika shekara biyu a kan gado ba. Dokokinsa suka bi shi kabari, kuma a 380 addinin da ya yaƙa ya zama addinin daula.

Akwai bambanci babba, domin Juliyan fitowa fili ya yi ya bar addinin da aka rene shi a kai, alhali sarakunan Gobir suna salla suna azumi suna da limamai, abin da aka tuhume su da shi shi ne gauraya Musulunci da al'adun gargajiya da kuma zalunci. Amma ta fuskar mulki darasin ɗaya ne. Dukkansu jarumawa ne a fagen fama, dukkansu sun san abokan hamayyarsu ciki da waje domin a hannunsu suka yi karatu, dukkansu kuma sun ɗauka cewa shelar sarki za ta iya mayar da abin da ya riga ya shiga zukatan mutane.

Kamar yadda daular Rum ba ta mutu ba a 476 lokacin da aka tuɓe sarkinta na ƙarshe a yamma, domin reshenta na gabas ya ci gaba har 1453, haka ita ma Gobir ba ta mutu da Yunfa ba. Gobirawa sun ci gaba da gwagwarmaya har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Bello ya yi nasara, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Bayan haka Mayaƙi ɗan Yakuba ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda sarautar take har yau, kuma a 2010 hukumomin Nijar suka ɗaga darajarta zuwa ta Sultan. Wani reshen gidan ya kafa Sabon Birni, daga baya Turawan Faransa da na Ingila suka zo suka ja iyaka ta ratsa tsakanin 'yan'uwa.

Wa ya ba da labarin?

Kusan duk abin da aka rubuta game da Yunfa a zamaninsa daga alƙalamin waɗanda suka yaƙe shi ya fito, musamman Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da littafin Malam Abdullahi da muka ambata. Waɗannan malamai ne masu gaskiya da tsoron Allah, amma su ɓangare ne a cikin rikicin. Ɓangaren Gobir yana cikin bakin maroƙa da makaɗa da tsofaffin fadar Tsibiri da Sabon Birni, kuma kullum tsofaffin nan raguwa suke yi. Aikin da Farfesa Jibo Hamani ya yi a kan tarihin Adar, wanda ya fito a 1975, ya nuna irin abin da ake samu idan aka haɗa takardun Larabci da ruwayar baka. Muna kira ga ɗalibanmu na jami'o'in Tawa da Maraɗi da Yamai da Sakkwato su yi irin wannan aiki tun kafin a rasa masu ba da labarin.

Ko a wancan zamani ma an yi muhawara. Shehu Muhammadu Al-Amin Elkanemi na Barno ya yi musayar wasiƙu da Bello, yana mai cewa saɓo daban kafirci daban. Shi kansa Malam Abdullahi a 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas saboda takaicin yadda ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu mayaƙa, sai mutanen Kano suka tsayar da shi. Abdussalami kuwa, wanda saboda shi aka fasa Gimbana, shi ne ya yi wa Bello tawaye a Kware bayan rasuwar Shehu a 1817, ya kuma rasa ransa a farkon 1818. Faɗin waɗannan abubuwa bai rage wa Shehu da jama'arsa daraja ko kaɗan ba, domin su da kansu suka rubuta su don na baya su karanta.

Abin da ya rage gare mu

Ƙasar da Yunfa ya mulka ta sake shiga wani hali a 'yan shekarun nan. Tun daga 2019 dubban mutane daga yankunan Sabon Birni da Isa da Zamfara suka riƙa tsallako iyaka zuwa Jihar Maraɗi saboda hare-haren 'yan bindiga, a 2021 kuma wasu suka kwararo Bangi a gundumar Madawa, ƙofar gidanmu ke nan. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi, Allah Ya jiƙansa. Ba muna kwatanta ɓarayin daji da jama'ar Shehu ba ne, Allah Ya kiyaye, domin waɗancan malamai ne da suka fito da littafi da hujja, waɗannan kuwa masu kisa ne don kuɗin fansa. Inda muke son mai karatu ya duba shi ne ɓangaren masu mulki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da aka bari a wancan zamani ita ce ake bari a yau: makiyayin da aka cinye masa burtali aka kuma ci shi tara ba bisa ƙa'ida ba, manomin da aka cinye masa gona ya kai ƙara ba a share masa hawaye ba, da talakan da ba ya ganin hukuma sai ranar karɓar haraji.

Bawa ya zauna da masu ƙorafi ya saurare su, ya samu zaman lafiya a cikin gida har ƙarshen ransa. Nafata ya amsa musu da doka, Yunfa ya amsa musu da dawaki, sai ga shi cikin shekara 20 da taron Magami Alƙalawa ta zama kufai. Yunfa ya gane girman wutar, har ya gargaɗi wasu a kanta, amma ya gane ne bayan ta kama rufin ɗaki. A nan Adar, inda manomi da makiyayi ke haɗuwa a fadama ɗaya da rijiya ɗaya duk bayan girbi, muna roƙon sarakunanmu da masu garuruwa da alƙalai da magadan gari su riƙa kashe ƙananan rigingimu da adalci tun suna gaban mai gari, kada a jira sai sun kai inda ba mai iya tare su.

Allah Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya kuma zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.